Lambar Yabon da Ba a Zo Karɓa Ba

Lambar yabon soja abu ne ƙanƙane: ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, da guntun ƙyalle mai launi, da allurar maƙalawa a ƙirji. Tana zuwa da takarda mai ɗauke da sunan wanda aka ba, da muƙaminsa, da lambarsa ta aiki, da ranar da hukuma ta sa hannu. In aka kai ƙarfen gaban maƙeri ya yi masa kuɗi, da wuya ya kai na buhun gero. Duk da haka, a wurare da dama doka ta ware ta daga sauran kayan da ke faɗawa hannun hukuma idan masu su ba su bayyana ba. Agogo da zobe da sarƙar zinari, in sun daɗe ba mai nema, ana iya yin gwanjonsu a adana kuɗin. Lambar yabo kuwa an ce a bar ta yadda take, komai daɗewa. Wannan bambanci yana buƙatar dalili, kuma dalilin ya rataya ne a kan matsayin hukumar da ke riƙe da ita: ko mai tsintuwa ce, ko mai ajiya, ko magajiya, ko kuwa wadda ake bi bashi. Kowanne yana da nasa hukuncin a fiƙihun Malikiyya, wanda akasarin mutanen Nijar ke bi.

A Nijar al'amarin lambobin girma yana hannun ofishin da ake kira Grande Chancellerie des Ordres Nationaux, a Yamai. Babbar lambar ƙasa, Ordre National du Niger, an kafa ta a 1961, shekarar da aka kafa rundunar sojan ƙasa, bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Hawa biyar gare ta irin na Faransa, daga Chevalier zuwa Grand-Croix, kuma soja da farar hula duk suna samu. Wadda aka fi dangantawa da fagen fama ita ce Croix de la Vaillance, lambar jarumta, wadda a shekarun nan ake yawan jin sunanta a wurin jana'iza. Ranar 10 ga Disamba 2019 ƴan bindiga suka auka wa sansanin Inates, kusa da iyakar Mali, suka kashe soja 71. Bayan kwana uku aka jera gawarwakinsu a sansanin sojan sama na 101 a Yamai, kowace lulluɓe da tutar ƙasa. Shugaba Mahamadou Issoufou ya ba su lambar jarumta, aka yi musu salla, aka binne su a wurin da aka keɓe wa shahidai. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka sake kashe wasu 89 a Chinagodar.

Wanda aka ba lamba yana cikin likkafani ba shi da hannun karɓa. Dole wani ya karɓa a madadinsa, kuma nan giɓin yake. Sojan Nijar daga kowace kusurwa yake fitowa: Difa ta fi kilomita 1,300 daga Yamai, Damagaram kusan 900. Addini ya so a gaggauta binne mamaci, don haka ana iya gama jana'iza kafin labari ya iske mahaifiya a ƙauye. Wasu iyalan rikici ya tashe su daga garuruwansu a yankin Tilaberi ko bakin tafkin Cadi, garin da aka rubuta a fayil ya zama kufai. Wasu an ɗaura aurensu a masallaci, babu takardar magajin gari da za su nuna. Ta irin waɗannan hanyoyi lamba kan iya kwana a aljihun teburin ofis, kwana ya zama wata, wata ya zama shekara.

Akwai kuma wani rukuni da ya girmi jamhuriyar kanta. Tun 1857, lokacin da gwamna Faidherbe ya kafa rundunar Tirailleurs sénégalais, Faransa ta riƙa ɗibar soja daga ƙasashen da ta mamaye a Afirka ta Yamma, kuma sunan Senegal da ke jikin rundunar bai hana a cika ta da Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kaɗai an ɗebi wajen mutum 200,000, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Ƴan Nijar sun je Yaƙin Duniya na Biyu, sun je Indochine, sun je Aljeriya. Waɗanda suka dawo, ƴan mazan jiya, an san su da lambobinsu jere a ƙirjin babbar riga ranar 11 ga Nuwamba: Médaille militaire ta 1852, Croix de guerre ta 1915, Croix du combattant ta 1930. A gidajensu akan sami littafin aikin soja naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe, tare da takardun fansho da suka yi laushi saboda yawan ninkewa. Sai dai magatakardan bariki ya rubuta sunaye ne yadda kunnensa ya ji. Mutum ɗaya kan zama Mamane a wannan takarda, Mahamane a waccan, Maman a ta uku. Wani an sa masa sunan garinsu a gurbin sunan uba. Shekarar haihuwa kuwa kintace ce. Bayanan aikinsu da yabon da kwamandoji suka rubuta musu suna cibiyar adana takardun ma'aikatan soja a birnin Pau, kudancin Faransa, jikokinsu kuma suna Dogon Dutse ko Filinge ko Tasawa. A 1998 Faransa ta yanke shawarar ba dukan waɗanda suka rage daga Yaƙin Duniya na Ɗaya lambar Légion d'honneur. Abdoulaye Ndiaye na ƙauyen Thiowor a Senegal, mai shekara 104, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, jajibirin ranar da za a maƙala masa ita, shekara 80 bayan ƙare yaƙin.

Inda dokar kare irin waɗannan lambobi ta fi fitowa fili shi ne jihohin Amurka, kuma sanadin abu ne na banki. Mutum kan yi hayar akwatin ajiya a banki, ya mutu, haya ta tsaya; bayan ƴan shekaru, galibi 3 zuwa 5, banki ya fasa akwatin ya miƙa abin da ke ciki ga ma'ajin jiha. Da yake rumbun jiha ba ya ɗaukar kaya har abada, sai a yi gwanjo a rubuta kuɗin da sunan mai su. A cikin kayan ake tarar da lambobin yaƙi, musamman Purple Heart, wadda ake ba wanda ya ji rauni ko ya mutu a fagen fama. A 2010 jihar Missouri ta yi dokar da ta hana sayar da su, ta kuma yarda a damƙa su ga ƙungiyar tsofaffin soja ko gidan tarihi su riƙe har mai su ya bayyana. Ma'ajin jihar Illinois ya fara wani shiri a 2021 na neman iyalai don mayar musu da tasu. A matakin tarayya an haramta cinikin babbar lambar ƙasar, Medal of Honor, ko da mai ita ne ya so sayarwa. Ingila ta bi wata hanyar: can Victoria Cross kaya ce ta kasuwa, kuma an sha sayar da ita a gwanjo da kuɗi masu yawa. Ke nan ko a Turai da Amurka ba a haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Dokar da ta fi kusa da wannan a yankin sefa ita ce ta asusun banki da aka daina taɓawa, wadda ministocin ƙungiyar kuɗi ta Afirka ta Yamma suka amince da ita a 2012. Asusun da ya shekara 10 ba motsi ana mayar da kuɗinsa babban bankin BCEAO. In an cika shekara 30 ba wanda ya zo, kuɗin ya zama na baitulmalin ƙasa. Hikimar a bayyane take: kuɗi kuɗi ne, jaka goma ta wannan ba ta da bambanci da jaka goma ta wancan, kuma dukiyar da ta kwanta ba amfani gara ta gina rijiya. Abin dubawa shi ne ko wannan hikima ta hau kan lambar yabo.

Babin farko da ɗalibin fiƙihu zai buɗe shi ne na tsintuwa. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, da Mukhtasar na Halilu, littattafan da ake karantawa a zaurukan Yamai da Damagaram da Kano, hukuncin sananne ne. Wanda ya tsinci abu mai daraja zai yi cigiyarsa shekara guda a inda ake zaton mai shi zai nema, kamar ƙofofin masallatai da kasuwanni. Wanda ya zo ya siffanta jakar da abin yake ciki da igiyar da aka ɗaure ta, a ba shi. In shekara ta cika ba kowa, mai tsintuwa yana da zaɓi: ya ci gaba da riƙewa, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi, amma a biyun ƙarshe in mai shi ya bayyana sai ya biya. Har ma akwai abin da ya yi kama da gwanjon hukuma. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Umar ɓatattun raƙuma ana barinsu ne suna kiwo suna hayayyafa ba mai taɓa su, da aka zo zamanin Sayyidina Usman sai ya sa a riƙa cigiyarsu sannan a sayar, in mai raƙumi ya zo a ba shi kuɗinsa. Mai son a sayar da lambobin da suka daɗe a rumbu zai iya kafa hujja da wannan.

Hujjar ba ta isa ba, ta fuska biyu. Ta farko, an sayar da raƙumin ne domin kuɗinsa yana tsayawa a matsayinsa. Mai shi zai karɓa ya shiga kasuwa ya sayi wani, bai yi asarar komai ba. Ɗiyar sojan da ya mutu a Inates, in aka miƙa mata kuɗin da aka sayar da lambar mahaifinta, ba a ba ta komai daga abin da ta zo nema ba. Ta biyu ta fi ƙarfi. Tsintuwa ita ce abin da ba a san mai shi ba. Lambar yabo kuwa hukuma ce da kanta ta zaɓi mutumin, ta rubuta sunansa, ta sa hannu, ta yi shela. In daga baya ta ce abin ya zama marar mai shi, ta yi kama da wanda ake bi bashi ya laluba aljihunsa ya ce ya tsinci kuɗi. Ko a akwatunan bankin Amurka, inda ba jihar ce ta ba da lambar ba, sunan mai hayar akwatin yana rubuce, kuma Purple Heart da yawa an zana sunan soja a bayansu.

Babin da ya fi dacewa shi ne na kyauta da na ajiya. A Malikiyya kyauta tana zama tilas da zarar an furta ta, tana kuma cika idan an karɓa. In mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa, ta ɓaci ta koma cikin gadonsa. Amma in wanda aka ba ne ya mutu kafin ya karɓa, Risala ta ba magadansa damar su tashi su nema daga mai bayarwa muddin yana raye lafiya. Ƙasa kuwa ba ta mutuwa da mutuwar shugaba ko faɗuwar gwamnati. An yi juyin mulki a Nijar a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, an sauya kundin tsarin mulki sau da dama, amma lambar da aka ba da a zamanin Diori Hamani da sunan ƙasa aka ba da ita, kuma wanda ya gaji kujera ya gaji alkawarin. Muddin ba a miƙa ba, abin yana hannun hukuma a matsayin ajiya, kuma mai ajiya ba ya amfani da ita, ba ya sayarwa, tsawon zamani kuma ba ya mayar da ita tasa. Ayar da ta umurci a mayar da amana ga masu ita, ta 58 a suratun Nisa'i, malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne game da mabuɗin Ka'aba, wanda Annabi (SAW) ya karɓa ranar buɗe Makka sannan ya mayar wa Usman ɗan Ɗalha. Shi ma ɗan ƙarfe ne da darajarsa ba ta cikin nauyinsa, kuma har yau yana hannun zuriyar Banu Shaiba. Kiristocin ƙasar ma suna da irin wannan a Attaura, a littafin Fitowa da na Maimaitawar Shari'a, inda aka yi maganar ajiya da mayar da abin da ɗan'uwa ya ɓatar.

Saura a san mene ne ainihin abin da aka ajiye. Masanin falsafar Girka Aristotle ya lura cewa girmamawa ta fi dogara ga mai yin ta fiye da wanda ake yi wa, shi ya sa bai ɗauke ta a matsayin ƙololuwar alheri ba. Lurar gaskiya ce, kuma ita ce ke bayyana matsayin lamba. Jarumtar tana wurin soja, ya riga ya yi ta, ba mai ƙara masa ko rage masa. Lambar kuwa maganar al'umma ce: mun gani, mun tabbatar. Wato shaida ce da aka zuba a ƙarfe. Daga nan hukunce-hukuncen biyu suke fitowa. Ba a sayar da ita, domin shaidar da aka yi wa wane ba ta komawa kan wanda ya biya kuɗi. In ya rataya ta ya yi ƙarya, kuma hadisi ya yi kakkausan gargaɗi ga mai nuna an ba shi abin da ba a ba shi ba. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 bisa tsarin Faransa, ya hana sa kaki ko lambar da ba ta mutum ba. Amurka ta yi dokar hana ƙaryar samun lamba, kotun ƙoli ta soke ta a 2012 da hujjar ƴancin magana, aka sake wata a 2013 da ta taƙaita ga mai ƙaryar don neman abin duniya. Hukunci na biyu shi ne ba a rufe ta a yi shiru. Aya ta 283 a suratul Baƙara ta haɗa abubuwa biyu a wuri ɗaya, sauke amana da hanin ɓoye shaida. Hukumar da ta kulle lamba a akwati shekara 40 ba ta sayar ba, ba ta ɓatar ba, amma ba ta nemi kowa ba, ta tsare ƙarfen ne kawai, shaidar kuwa ba ta isa ga wanda ya kamata ya ji ta ba. A nan dokokin da suka tsaya ga hana gwanjo suka gaza. Rabin aikin suka yi.

Wasu masu tsoron Allah suna da ja a kan al'amarin tun daga tushe. Suna cewa aiki da niyya yake, kuma hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ambaci wanda aka kashe a yaƙi a cikin mutanen farko da za a yi wa hisabi mai tsanani, saboda ya yi yaƙin ne don a ce jarumi ne, an kuwa faɗa. In haka ne, lamba ba ta amfanin mamaci da komai, mai rai kuma tana iya jefa shi cikin riya; don me za a ɓata lokacin majalisa a kanta? Rabin maganar daidai ne. Ba wanda ya ce ƙarfe yana shiga mizani, kuma addu'ar marayu ta fi wa mamaci amfani. Amma gargaɗin yana kan zuciyar mai aikin ne, bai hana jama'a su yaba ba. Annabi (SAW) ya kira Halidu ɗan Walidu takobin Allah, ya ɗaga takobi ranar Uhudu ya ba Abu Dujana a gaban mutane, ya ba Sayyidina Ali tuta ranar Haibara. Kuma ko da an ɗauka lambar ba ta da wata daraja a addini, wannan bai ba mai ajiya izinin ya wofintar da ita ba. Ba a ɗora wa mai ajiya auna ko abin ya cancanci a so shi ba.

Wannan amsar ce kuma take fuskantar ja na biyu, wanda ya fi zafi a Yamai ta yau. Lambobin Faransa, in ji masu wannan ra'ayi, ladan bautar mai mulkin mallaka ne. Da yawa daga masu su kama su aka yi ta hannun sarakuna da hakimai, aka tura su yaƙar mutanen da ke neman ƴancinsu a Indochine da Aljeriya. Ƙasar da ta ba su lambar ita ce ta harbe ƴan'uwansu a barikin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu, ita ce kuma ta daskarar da fanshonsu da dokar 26 ga Disamba 1959, har sai da tsohon saja Amadou Diop ya yi nasara a babbar kotun gudanarwa ta Faransa a 2001, bayan ya riga ya rasu, kuma ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana nuna yadda lamba kan zama hanya mai arha ta kauce wa biyan haƙƙi mai tsada. Gwamnatin da ta kare ƙarfe ta bar gwauruwa tana zarya a kan fansho ba ta yi abin yabo ba. A Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka sauya sunayen tituna da wurare, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, kuma dandalin tunawa da matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu aka sa masa suna Bubandey Batama, aka faɗaɗa shi ya haɗa duk waɗanda suka rasu, soja da farar hula, tun daga zamanin mulkin mallaka. Ba a rushe shi ba, kuma wannan zaɓi yana da ma'ana: hukunci a kan daular da ta yi yaƙin daban, haƙƙin talakan da aka kai yaƙin daban. Daren hijira Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali daga cikinsu ne masu shirin kashe shi suka fito. In jikan tsohon soja ya karɓi lambar kakansa ya ga dama ya jefa ta kogin Kwara, wannan shawararsa ce. Ba ta ma'aikacin ofis ba ce.

Wurin da al'amarin ya fi wuya shi ne wa za a ba. Al'adar Hausa ta san kayan girma iri biyu. Akwai kayan sarauta, irin tambura da takobin Gajere na Katsina, waɗanda ba a raba su a gado domin na gadon sarauta ne, mai riƙe da su riƙo kawai yake yi. Akwai kuma abin da sarki ke ba barden da ya yi abin a zo a gani, doki ko alkyabba ko takobi, wanda ya zama nasa, ƴaƴansa su gada. Lambar yabo ta ɗauko daga kowanne: girman na mutum ɗaya ne, ba ya sauka kan ɗa, amma ƙarfen da takardar suna shiga gida. A Nijar shari'ar gado tana bin al'adar mamaci, wadda ga mafi yawa ita ce ta Musulunci, alƙali yana zama da masu taimaka masa da suka san ta, kuma dangi kan yi taro su naɗa wakilin magada a kai takardar kotu. Rabon a lissafe yake: mata, ko ɗaya ce ko huɗu, suna tarayya a tumuni in akwai ƴaƴa, uwa da uba kowa sudusi, namiji rabon mata biyu. Lamba ba ta tsaguwa gida takwas. Ƙa'idar fiƙihu a kan abin da ba ya rabuwa ita ce a sayar a raba kuɗin, ko ɗaya ya ɗauka ya biya saura, kuma hanyar farko ita ce ainihin abin da ake gudu. Ga wadda aka bayar bayan mutuwa ma akwai ƙarin magana, tunda mamaci ba ya mallaka, ba za a ce ta shiga dukiyar da ya bari ba. Kyauta ce ga iyalinsa, mai bayarwa kuma yana da ikon ya faɗi wanda zai riƙe. Saboda haka ya fi kyau doka ta jera masu karɓa tun farko, ta bar ƙofar sulhu a buɗe. A gidan da akwai kishiyoyi, miƙa wa ɗaya ba tare da shawara ba yana iya haifar da gabar da za ta wuce kan ƴaƴa. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne takardar ana iya kwafarta da hatimin hukuma, kowane ɗaki ya samu.

Sojan da ya ɓace, ba a ga gawarsa ba, ba a ji yana hannun abokan gaba ba, yana da nasa babin. Malikiyya ta ce matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi ta jira shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a saba wucewa ba, wanda mafi shahara shi ne 70. Wanda ya ɓace a fagen fama an gajarta masa wa'adi bayan hukuma ta yi bincike. Kafin a yanke hukuncin mutuwarsa, lambarsa tasa ce, ana riƙe masa.

In an yi duk abin da za a yi ba a sami kowa ba, tsohuwar ƙa'idar Malikiyya ita ce baitulmali ya gaji wanda ba shi da magaji, ko da yake malaman baya sun sassauta suka mayar wa dangi na nesa idan baitulmalin ba ya tafiya bisa tsari. Ko an bi tsohuwar ƙa'idar, gadon baitulmali na jama'a ne, kuma amfanin jama'a da lambar yabo yana cikin a gan ta da sunan mai ita. Hanyar da ta dace ita ce hubusi, wato wakafi, wanda Malikiyya ta yarda a yi shi da kayan da ake ɗauka. Hadisi ya ambaci Halidu ya yi hubusin sulkunansa da kayan yaƙinsa. Nijar ta yi dokar wakafi a 2019, ta kafa hukumar da ke kula da shi, kuma daga cikin ayyukanta akwai asusun tallafa wa iyalan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ko wani zaure na rundunar soja, zai iya riƙe irin waɗannan lambobi da sharaɗin duk ranar da magaji ya bayyana a ba shi.

Cigiya kuwa sai ta bi inda mutanen suke. Jaridar gwamnati da ake bugawa da Faransanci ba ta isa rugar Fulani ko zangon Buzaye. Rediyon Voix du Sahel da gidajen rediyon karkara, da sanarwar bayan sallar Juma'a, da fadar hakimi, su ne ƙofofin masallatai da kasuwannin da littattafan fiƙihu suke nufi. Ana faɗin suna da gari da shekara, a ɓoye wani abu, kamar lambar aiki ko rundunar da ya zauna, don a gwada mai nema da shi, daidai da siffanta jaka da igiya. Ga lambobin zamanin Faransa aikin ya ƙara nauyi tun da sojojinta suka fice a Disamban 2023 aka kuma rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, domin ta nan takardun ƴan mazan jiya suka saba bi. Lokaci ma yana tafiya: yaƙin Indochine ya ƙare a 1954, na Aljeriya a 1962, wanda yake ɗan shekara 20 a lokacin yanzu ya haura 80. Masu nema daga yanzu jikoki ne, kuma akasarinsu abin da suke da shi labari ne da suka ji a gida. Malikiyya ta karɓi shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin amintattun mutane, a kan nasaba da mutuwa da aure da hubusi, kuma a kan wannan ofis zai iya karɓar maganar mai gari da liman da dattawan unguwa idan sunan da ke takarda ya saɓa da wanda aka san mutumin da shi.